Yadda Ake Sayen Takalmin Hawan Dutse Ba Tare da An Sauko da Kai a Goye Ba

Idan abokai suka sa ranar hawan Dutsen Kufena a Zariya, ko suka ce bana sai duwatsun Shere na Jos, ka fara da yi wa silifar banɗaki sallama. Ta raka ka masallaci, ta raka ka sayen ƙosai, an gode mata. Amma ba ta da maɗaurin dunduniya, kuma a gangare takan riga mai ita isa ƙasa.

Turawa ma daga nan suka faro. A 1984 wani mai yi wa matafiya jagora a kogin da ke ratsa Grand Canyon na Amurka ya gaji da yadda ruwa ke ƙwace silifa, sai ya ɗaure ta da maɗaurin agogo. Haka aka samu takalmin Teva, wanda yau ake saye da daloli. Da shumekan bakin kasuwa ne ya yi wannan dabara, da an ce talauci ne.

Ka tafi kasuwa bayan la'asar. Ƙafa na kumbura in ta wuni tana aiki, don haka takalmin da ya yi maka cif da hantsi zai zama abokin gaba da yamma. Ka gwada duka biyun, domin ba kasafai ƙafafun mutum ke zama daidai ba, kuma babbar ce mai yanke hukunci. In mai shago ya ce, "Alhaji, ai zai saki," ka yi masa fatan kasuwa ka ƙara gaba. Fata kan saki, roba kuwa sai dai ƙafarka ta saki. Ka bar ɗan sarari a gaban babban yatsa, tunda dutse bai san kai babban mutum ne ba.

Maɗauri ya kama wuri uku: saman yatsu, wuyan ƙafa da bayan dunduniya, kuma ya zama ana iya ƙara shi ko a sassauta.

Yanzu juya takalmin ka dubi ƙasansa, nan ne maganar take. Kana son tsagi mai zurfi, don kan falalen dutse takalmi mai sulɓi ba ya jin roƙo. Lanƙwasa shi. In ya lanƙwasu a daidai yatsu, madalla. In ya naɗe kamar tabarma, mayar wa mai shi. Soso mai laushin nan da ke sa ka lumshe ido a shago, tsidau ɗaya ya ishe shi, ƙayar aduwa kuwa sallama kawai za ta yi ta shige. Idan gwanjo ka nufa a Ƙofar Wambai, babu laifi, amma ja tafin da ƙarfi a gaban mai kaya, saboda tsohon gam yakan jira sai an yi nisa da gari kafin ya ajiye aiki.

In tafiyar Yankari ce, kuma ka san sai ka tsoma ƙafa a ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31, ka bar na fata a gida. Yana shan ruwa, ya ƙi bushewa, ya kuma sanar da duk 'yan mota halin da yake ciki.

Batun safa, samari za su yi dariya. Ƙyale su, tana hana bororo. Sai dai ƙarangiya na ƙaunarta, za ka wuni tsincewa. Sabon takalmi kuma ba a kai shi dutse ranar da aka saye shi. Ya fara zaga unguwa na mako guda ku san halin juna.

Dutsen Chappal Waddi na Taraba mai tsayin mita 2,419, ko ciyawar damina inda maciji ke hutawa, wannan aikin takalmi rufaffe ne. In kuma kana tsakiyar haki wani yaro makiyayi ya zo wucewa da takalmin roba yana kora shanu, kada ka tsayar da shi da bayanin naka. Matsa masa hanya.