Kafin Ka Sa Jarumi Waƙa a Bakin Tafkin Gidimuni

Ƙanena mai kamara, labari ya iske ni cewa kai da abokan fadarku kun tara kuɗin shayi, kun sha alwashin yin fim mai dogon zango a nan Gidimuni, har da waƙoƙi a ciki. Allah Ya yi albarka. Garin da ke da tafki da inuwar dabino da garake cike da rake ya wuce a ce aikinsa kallon dandalin soyayyar Kanawa a salula kawai. To amma waƙa a fim tana da ƙa'ida, sai ka gyara zama.

Fara da gwajin murya, kuma ka ji tsoron Allah a cikinsa. Kowane jarumi a ransa mawaƙi ne da duniya ba ta gano ba tukuna. Ka ja shi gefe, ka ce ya rera baiti biyu babu kiɗa. Kada ka gayyaci mahaifiyarsa alƙalanci, balle budurwarsa. Nemo 'yan matan da ke gaɗa da dare, su ba su iya ɓoye dariya ba. In har ka kai shi bakin tafki ya buɗe baki ka ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya sun nufi Mirya, ka dafa kafaɗarsa ka ba shi haƙuri. Tun 2019 aka sa tafkin nan cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, tsuntsayen ma suna da haƙƙi a kanmu.

Wanda ya faɗi gwaji kada ya yi fushi, aron murya tsohuwar sana'a ce. Jaruman Indiya da iyayenmu suka haddace sunayensu baki kawai suke motsawa, masu waƙar su ne irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Kano ma haka ta ɗauko. A Sangaya na 1999, wanda ya sa waƙa ta zama jarin fim ɗin Hausa, fuskokin na Ali Nuhu da Fati Mohammed ne, muryoyin na wasu. Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ta yi shekaru tana ba jarumai mata murya a Kano. Akwai waɗanda Allah Ya haɗa wa biyu, irin su Sani Danja da Adam A. Zango da Umar M. Shareef, amma ka lura Shareef sai da ya yi suna a waƙa kafin Ali Nuhu ya sa shi babban jarumi a fim ɗin Mansoor a 2017. Naka jarumin ya bi layi.

In za ka ari murya, aro wadda ta yi daidai da mai ita. Ƙaton saurayi mai magana ƙasa na amsawa, a shiga waƙa a ji siririyar murya ta fito daga cikin gemunsa, ai ko yaron goye sai ya waiwaya. Tura masa waƙar a waya tun da sauran mako guda, ya haddace ta tas. Ranar ɗauka ya rera da ƙarfi, ko da za ku toshe kunne, domin jijiyar wuya da numfashi su ne ke sa mai kallo ya yarda. Daga baya edita ya shafe muryarsa. Ka kuma ƙwace goro da rake daga hannunsa kafin kamara ta tashi.

Sai batun da ya fi ci mini rai. Mai muryar nan da ba a ganin fuskarsa, rubuta sunansa manya-manya a farkon kowace fitowa, ka biya shi kafin ka saya wa jarumi tabarau. Mawaƙa da yawa sun tsufa ana tafa wa wasu a kan waƙarsu. In jika biyar kuka yi alkawari, jika biyar za ka ƙirga masa a hannu, ba "Allah Ya saka" ba.

Ina za a sa waƙar? Nan ne fim mai dogon zango ya rabu da fim ɗin kaset na da. Mai kallonka zai dawo mako-mako, kuma da 'yan dalolinsa yake sayen megar da zai kalle ka. Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ya riƙe gidaje shekara da shekaru da ƙarfin labari, ba da rawar saurayi da budurwa ba. Labarina na Malam Aminu Saira, da ya fara a 2020, ya nuna wata hanyar: muryar Naziru Sarkin Waƙa tana bin labarin, tana faɗin abin da ke cin mutum a zuci alhali shi bakinsa a rufe. Waƙa kanwa ce a tukunyar wake, 'yar kaɗan ta nunar da shi, in ta yi yawa kowa ya ture akushi. Ga gwaji mai sauƙi: cire waƙar ka nuna wa kakarka fitowar. In ba ta tambayi me ya faru a tsakani ba, bar ta a cire.

Ka kuma riƙe mana mutuncin talaka. Ɗan garkar da muka gani yana neman kuɗin mota zuwa Damagaram ya rasa, kada waƙa ta tashi mu gan shi ya sauya shadda bakwai a cikin minti biyar. Ya yi waƙarsa da rigar aikinsa, laka a ƙafa, mun fi tausaya masa a haka. Waƙar buɗe shiri kuwa kada ta kai minti guda, ta zama mai amshin da yara za su ɗauka a hanyar lakwal.

Editanka zai zo maka da wani kiɗan fiyano mai ban tausayi, ya shimfiɗa shi tun daga sallama har ban kwana, ko ana cinikin albasa. Riƙe hannunsa. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990 ake fama da wannan, kiɗa ya danne magana har tsoho ya ce a maimaita masa. In uba zai yi wa ɗansa faɗa, a kashe komai, a bar mu mu ji faɗan. Waƙoƙin kuma a ɗauke su a ɗakin ƙasa, a jingina katifu a bango, da dare bayan injinan ban ruwa sun yi shiru, manyan motocin hanyar Gure da Difa sun ragu. Jakin maƙwabta dai sai addu'a.

Yanzu ga dukiyar da Kano ba za ta iya sayar maka ba. Kai ɗan ƙasar Damagaram ne, ƙasar algaita da kakaki a ƙofar fadar Sultan, ƙasar Ma'azu Ɗan Alalo da wasan kara. Marigayi Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya ɗauki gurmi da biram na masuntan Tafkin Chadi ya kai su har Turai. Su Yazi Dogo daga gidan rediyon Damagaram suka fara, suka zaunar da Nijar gaban tele da Hausar kasuwa da ta tsakar gida. Kowane kiɗa a nan yana da ma'abocinsa, kuma mai kallo ya sani. Kakaki na sarki ne, kada ka busa shi don saurayi ya sauko daga kabu-kabu. Kalangu na mahauta ne da dandali, gangar noma ta gayya, shantu na mata a cikin gida, sarewa ta makiyayi. Ka sa kowanne a mazauninsa, da jin sautin an san inda labari ya kai tun kafin a ga hoto. Maƙwabtanmu Barebari ma suna da nasu, ka je ka roƙa da ladabi.

A nan ne kuma jaruminka da ya faɗi gwaji zai samu rabonsa. Mutanen gaske suna waƙa a inda ba a neman zaƙin murya: mace a bakin turmi, uwa tana rarrashin goyo, mai hawan dabino yana ɗebe wa kansa kewa, ƙawaye suna raka amarya ana kuka ana guɗa. A irin waɗannan wurare bar ɗan wasa ya rera da muryar da Allah Ya ba shi, ko tana rawa, ko numfashi na yankewa. Wannan ce waƙar da ke sa tsohuwa ta share ido da bakin mayafi, kuma babu situdiyon da ke ƙera ta.

Rawa kuwa ka auna ta da idon gida. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001. A Gidimuni hukumar ita ce gwaggon jarumarka, kuma hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara. Nemi izinin iyaye, gai da maigari, sanar da mai garka kafin ku tattake masa shuka.

Saboda haka, ƙanena, kafin ka biya kuɗin situdiyo a birni, ɗauki wayarka cikin makon nan ka zaga unguwanni. Durƙusa ka gai da tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da na aure, ka nemi yardarsu ka naɗa, ka ba su goronsu, ka tambayi makaɗin garinku nawa zai karɓa ya kaɗa muku fitowar farko.