Zuwa ga Shehun Numfashi

Taubashina, Sarkin Fushi na da, Shehun Numfashi na yanzu, barka da hutawa. Ai na ga hutawar ce ta zama sana'a.

Ranar Asabar na zo gidanka na tarar da kai a zaure, ka tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ido a rufe, waya a cinya. Na yi sallama har uku, shiru. Ɗanka ya raɗa mini wai Baba yana zaman natsuwa, kada a taɓa shi. Na samu gefe na zauna. Ina jiyo muryar wata Baturiya tana ba ka umarni: ja numfashi, riƙe, saki. Kai kuma kana bi sau da ƙafa, kai da ko Inna ba ta isa ta aike ka ba sai an yi musu. Ba a yi minti biyar ba wuya ya langaɓe, minshari ya karɓi aiki. Ƙuda ya sauka a hancinka, ya wanke hannu, ya tashi. Akuyar maƙwabta ta leƙo ta gama da gurasar da ke gefenka, ni kuwa na bar ta, tunda an ce kada a yi motsi.

Da ka farka ka goge miyau, sai ka ce wai ba barci kake ba, garkuwa kake ginawa. Wai kana sawwara wani farin haske yana saukowa ta tsakar kanka, ya lulluɓe ka kamar ɓawon ƙwai, don kada masu zuƙe kuzarin mutane su same ka. Kana faɗa kana kallona. Na gane, ba sai an buga ganga ba. To amma wane kuzari gare ka da za a zuƙe? Mutumin da ɗaukar buta ma sai ya ce wash! Garkuwar da ta kasa hana akuya, ita ce za ta hana ni?

Kada ka kumbura, tsaya in ba ka naka. Abin yana da asali. Wani masani, Jon Kabat-Zinn, shi ya shigo da irin wannan zama cikin asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, bayan ya koyo shi daga malaman addinin Buddha. Masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya fara koya wa. Tsarinsa mako 8 ne, kullum minti 45, kuma a farke ake yi, ka ji ko? A farke. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2024 ta ware 21 ga Disamba don wannan zama, sai ka fara tanadin sabuwar tabarma. Maganar numfashi kuwa gaskiya ce tsagwaronta: in mutum ya fitar da iska a hankali, bugun zuciya yakan lafa, jiki ya saki. Na ga shaida da idona ranar da mai adaidaita ya fasa maka madubi. Na riga na cire hula don rabon faɗa, sai na ga ka lumshe ido, ka hura iska kamar mai fifita koko, ka ce masa Allah ya kiyaye gaba. Wallahi har na ji tsoro, na ɗauka aljani ya musanya mana kai.

Hasken nan ne dai ban saya ba. Masu sawwarawar kirki, abin da suke tsoro suke kawowa a zuci, su yi ta gwada yadda za su fita. Dubi Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka. Kocinsa Bob Bowman ya saba masa da kallon tseren a zuci kafin ya kwanta, har da ɓacin rana. A Beijing a 2008 ruwa ya cika masa tabarau ana tsakiyar tseren mita 200, bai ganin gabansa, sai ya koma ƙirga bugun hannu, ya ci zinare, ya kafa sabon tarihi. Shi matsala ya sawwara ya shirya mata. Kai kuwa ƙwai ka sawwara ka shige ciki ka yi barci.

Saboda haka ga aikin gida. Gobe in ka tanƙwashe ƙafa, bar hasken ya huta. Sawwara ni tsaye a bakin zaure, hannu a miƙe, ina jiran kuɗin shara na bara da na bana, da dubu biyar ɗin da ka ara ranar suna ka ce kafin la'asar. Ja numfashi, riƙe, sannan ka saki kuɗin.

Juma'a bayan an sauko ina nan tafe. A ajiye mini gurasa inda akuya ba ta kaiwa.