Ranar da aka sami yaro a but ɗina

Akwai cutar da ba ta tashi sai likita ba ya nan. Irinta ce ta kama Marsandina, tsohuwar 190, wadda Jamusawa suka daina ƙera irinta tun 1993. A cikin gari lafiyarta lau. Da allurar maleji ta haura 60 kuwa, sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashi, yana ƙaruwa da gudu har ya danne rediyo.

Kowa ya ba da fatawarsa. Mai faci ya ce tayoyi ne, na sayi sababbi, gurnanin ya ci gaba a kansu. Mai walda ya ce salansa ce, ya ɗaure ta tam, ya karɓi kuɗinsa. Surukata ta ce motar hannu ba a san wa ya mutu a cikinta ba, ta aiko da turaren hayaƙi. Duk bakaniken da na ɗauka don ya ji da kunnensa, cunkoson Kano ba ya bari mu kai 60, sai ya sauka yana yi mini kallon mai taɓin hankali.

Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijon bakanike. Ko bonet bai buɗe ba. Ya ce, "Alhaji, mu hau titin Zariya." Ya yafito yaronsa, muka tafi. Muna wuce Na'ibawa gurnanin ya fara waƙarsa.

"Sa ta a firi."

Na sa. Injin ya lafa, gurnanin na nan daram. Ya ce to inji ya fita daga zargi, abin da ke bin gudun ƙafa muke nema. Wannan mota da baya take ja: farfela ce ke ɗaukar ƙarfi daga giya ta miƙa wa bak-aksul, shi kuma ya raba wa ƙafafun baya. Ɓarawon yana cikin wannan layi.

Da titi ya yi fili, ya sa na ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama. In boris ɗin ƙafa ne, in ji shi, karkatawa hagu tana ɗora nauyi a ƙafar dama, sai muryar ta sauya. Ba ta sauya ba. Ya ce in taka totur, in saki, domin haƙoran aksul in sun ci, kukansu a lokacin ja daban ne da na lokacin sakewa. Nan ma shiru, wato ba shiru ba, gurnani ɗaya.

Sai dattijo ya ce in tsaya. "Kai, shiga but ka kasa kunne." Yaron ya shige da sifanarsa a hannu, aka rufe.

Ba mu yi nisa ba sai ga shinge, jami'an tsaro sun ɗaga hannu.

"Malam, me ke cikin but?"

Na ce, "Yallaɓai, ƙara ce muke nema."

"Buɗe."

Na buɗe. Ga yaro a dunƙule, baƙin mai har goshi, ido jajur. A zamanin nan na masu garkuwa da mutane! Kafin in ce kwabo, ni da dattijo muna zaune a ƙasa, hulata tana can gefen kwalta. Babban jami'an ya durƙusa gaban yaron cikin tausayi ya ce, "Yaro, kada ka ji tsoro. Daga ina suka ɗauko ka?"

Yaron ya leƙa ta bayansa ya ce, "Oga, ba daga aksul ba ne, daga tsakiya yake fitowa."

Dattijo, daga zaunen da yake, ya tafa hannu. "Alhamdulillahi! Boris ɗin farfela!"

Sai da muka yi rantsuwa iri-iri, yaron kuma ya lissafa sunayen sifanu, kafin aka yarda ɗan koyo ne. Da za mu tafi, babban ya ja dattijo gefe. Ashe tasa motar ma tana wani kuka in ta kai 80.

Da muka koma gareji, a kan rami aka ga zahiri. Farfelar wannan mota gida biyu ce, a tsakiyarta akwai boris da ke zaune cikin roba. Robar ta yage, boris ɗin ya bushe. Ita kuwa farfela takan juya wajen sau uku kafin ƙafa ta juya sau ɗaya, shi ya sa ɗan ƙaramin lahani ke zama gurnani in an yi gudu. Dattijo ya yi wa gidajen biyu alama da fenti kafin ya raba su, don in an mayar da su a karkace, jijjiga ce za ta gaji gurnanin. A Ƙofar Ruwa muka sayo sabo, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Don haka, mai karatu, in motarka mai jan baya ta fara kuka da gudu, kafin ka sayi komai gwada ukun nan: firi, karkata sitiyari, taka totur ka saki. In kuma ana bukatar mai sauraro, kujerar baya ta ishe shi. A cikin but akwai hayaƙin salansa mai kisa, kuma gaba akwai shinge.