Mutanen da Suka Mai da Jirgi Gida

A duk watan Nuwamba, idan lokacin guguwar Tekun Atilantika ya zo ƙarshe, tashar Las Palmas da ke tsibiran Kanari takan cika maƙil da wasu irin bayin Allah, galibinsu Turawa, da suka sayar da gida da mota, suka sayi ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, suka tare a ciki. Wasu na jiran ayarin ARC, wanda tun 1986 yake tsallakawa zuwa yankin Karebiyan, tafiyar kimanin mil 2,700 na teku. Wasu kuma su gangaro kudu, su nufi Dakar, Kogin Gambiya ko Kasamans. Dukkansu cewa suke yi hayaniyar duniya suka gudo wa. Sai dai kowa ya taho da halinsa, ɗakin da bai fi rumfar mai shayi ba kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Ga Kyaftin. Shekara talatin yana ranka-ya-daɗe a ofis, yau Allah ya ba shi ƙasar da zai mulka, talakawansa kaf mutum ɗaya ce, matarsa. Wajen jefa anga ake gane shi. Ita tana goshin jirgi, shi yana baya riƙe da sitiyari, iska na kwashe maganarsa, shi kuma yana ƙara murya har maƙwabta su fito kallo. Da yamma ya zuba maka shayi yana ba ka labarin yadda teku ta koya masa haƙuri.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Gyara. Ruwan gishiri ba ya barin komai lafiya: ƙarfe ya yi tsatsa, waya ta ruɓe, famfon bayi ya toshe. Shi kuwa nan ya samu sana'a. Kansa kullum yana cikin ramin inji, ƙafafunsa ne kawai ke gaisawa da jama'a. Ya yada zango a gaɓar Hann ta Dakar da niyyar mako guda, ga tsibirin Gore can yana hangowa, amma bai taɓa taka shi ba, domin yana jiran wani ɗan ƙarfe da zai zo daga Faransa. Ranar da ƙarfen ya iso, sai a tarar na hagu aka aiko, shi kuwa na dama yake nema. In ka lura da kyau ma, ba baƙin ciki yake yi ba. Ranar da komai ya gyaru, dole ya fita teku, abin da ba ya so ke nan tun farko.

Akwai Mai Awon Ruwa, wanda teku ta kewaye shi ta ko'ina amma yake kasa kunne in baƙo ya shiga wanke baki. Akwai kuma 'yan Kamara, mata da miji, da ba sa cin abinci sai sun nuna wa YouTube. Faɗan da suka yi da safe ba ya shiga fim, sai dai faɗuwar rana.

Shi kuwa Ɗan Rakiya ba shi da jirgi. Yana yawo bakin tasha da jaka da garaya irin tasu, yana liƙa takarda cewa ya iya girki, ya iya gadin dare. A ɗauke shi, kafin a ɓace wa ganin tudu jiri ya kayar da shi, ya rungume bokiti har a isa tashar Mindelo. Can ne zai warke sarai, ya ci rabon mutum biyu.

Sai Mai Gano Gari. Wannan ya bi Kogin Gambiya, ya wuce tsibirin Kunta Kinte, ya kai Janjanbure, ya sauka da hular malafa yana rubuta wa 'yan'uwansa cewa ya gano wani wuri da ba wanda ya sani. Mutanen da aka haifi kakanninsu a garin suna nan suna kallonsa. Jirginsa zai sayi kasuwar da abin da ke cikinta, amma zai ɓata rabin awa yana ciniki da wata tsohuwa a kan dalasi biyar na tumatir, wai kada a cuce shi.

Na ƙarshe ba su da yawa, kuma ubangidansu wani Bafaranshe ne, Bernard Moitessier. A 1968 ya shiga gasar zagaya duniya shi kaɗai ba tsayawa. Bayan ya wuce mafi haɗarin hanya, ga fam 5,000 na jiran wanda ya fi sauri, sai ya fasa komawa Ingila. Ya rubuta saƙo, ya harba shi da danƙo cikin wani babban jirgi kusa da Kef Tawun, ya ci gaba da tafiya har Tahiti, inda ya isa a Yunin 1969. A cikinsu duka, shi kaɗai na yarda da gaske hayaniyar ce ta ishe shi.