Yadda Za Ka Naɗa Sabon Maigida a Kan Jitarka

Wanda ya koyi jita har ya iya kama C da F da G yakan ɗauka ya sauke karatu. Ran da aka ambaci Doriyan ko Miksolidiyan a gabansa kuwa, sai ya tambaya sau nawa ake sha a rana. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Sunayen ne kawai na Girkawa, aikin na kunnenka ne, kuma ga yadda ake yin sa.

Da farko, ka san mutanen gidan. Muryoyi bakwai ne: C, D, E, F, G, A, B. Duk suna zaune a gida ɗaya, kuma C ne maigida tun fil azal, komai yawon da kiɗa ya yi wajensa yake komawa ya huta. Abin da makaɗan Turai ke kira mod shi ne a bar mutanen nan yadda suke a sauya maigida. In D ya karɓi gidan, Doriyan ke nan. E ya karɓa, Firijiyan. F Lidiyan, G Miksolidiyan, A Iyoliyan, B Lokiriyan. Mulkin C da ka saba da shi sunansa Ayoniyan, ka daɗe kana kaɗa shi ba ka tambaye shi suna ba.

Na biyu, ka yi wa sabon maigida shela. Ba a naɗi a ɓoye. In D ka zaɓa, fara da Dm, ka daɗe a kansa, ka ƙare da shi. Bar tsirkiya ta huɗu a sake tana amo, domin D ce, ko ka sassauta ta shida daga E zuwa D ta riƙa gurnani a ƙasa. Saurari Bombino na Agadas ko Tinariwen na Mali, ka ji yadda suke barin murya ɗaya tana ruri yayin da yatsu ke yawo a samanta. Maƙwabta za su fara ƙorafi kafin kunnenka ya gamsu, ka ba su haƙuri ka ci gaba.

Na uku, nemo masa na hannun dama. Kowane mod yana da murya guda da ke bambanta shi da 'yan'uwansa, sai ka nemi kod ɗin da ke ɗauke da ita. A Doriyan na D muryar ita ce B, tana cikin G, don haka Dm da G sun isa. Irin wannan zubin Santana ya hau a Oye Como Va a 1970, da Am da D, duniya ta yi ta rawa ba wanda ya nemi ƙari. A Miksolidiyan na G muryar F ce: kaɗa G, sauka F, dawo G. A Firijiyan kama Em, matsa F, koma Em, nan take za ka ji ƙamshin filamenko na Andalus a kudancin Sifaniya. A Lidiyan riƙe F a ƙasa ka ɗora G a kansa, kiɗan ya yi sama kamar ba zai sauko ba, shi Joe Satriani ya yi wasa da shi a Flying in a Blue Dream a 1989. Iyoliyan kuwa Am, G, F ne, zubin da Bob Dylan ya gina All Along the Watchtower a kai a 1967, Jimi Hendrix ya sake kaɗa ta a shekarar da ta biyo.

Na huɗu, ka sa ido a kan tsohon maigida. Nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa. C bai yi murabus da son ransa ba, kuma yana da ɗan leƙen asiri mai suna G7. Da zarar ka kaɗa Dm, ka bi da G7, ka faɗa C, to an yi juyin mulki, Doriyan ya tafi gudun hijira ba ka sani ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In C zai shigo, ya gaisa a tsaye ya wuce, kada a shimfiɗa masa tabarma.

Na biyar, rage cunkoso. Mai sabon ilimi yakan so ya zuba kod bakwai a waƙa ɗaya don a san ya je makaranta. Miles Davis ya fitar da So What a 1959, ya zauna a Doriyan na D, ya ɗan hau rabin mataki, ya dawo, kuma har yau ana karantar da ita a makarantun kiɗa. Kod biyu ko uku sun wadatar, sauran wurin na waƙar ne.

Na shida, Lokiriyan. Kod ɗinsa B, D, F ne, wanda ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, kullum neman wanda zai jingina da shi yake. Ka gaishe shi da mutunci, ka ajiye shi sai gemunka ya yi furfura a kan jita.

A ƙarshe, ɗauki wayarka ka naɗi Dm da G na minti biyu, ka saki muryarka a kai kana yawan taɓa B. Gobe ka yi wa G da F haka, jibi Em da F. In ƙanenka ya shigo ya tambaye ka yau me ya sami jitar, ka san naɗin ya tabbata. Tashi ka ɗaure tsirkiya, mod ɗaya a rana ya ishe ka.