Mai Shiru a Majalisar Dara

A majalisun dara na Shanga da Yauri, inda ake haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, rabin wasan da baki ake yin sa: kuri, zolaya, da shawarar 'yan kallo wadda ba wanda ya nema. Shi ya sa mai shiru ke damun jama'a.

Iri biyu ne. Akwai mai lissafi, wanda ke jiran ya jera uku ya ci. Wannan lafiyarsa ƙalau, abokin karawarsa ne abin tausayi. Akwai kuma wanda ya kwana jan taru a tafkin Kainji, inuwa kawai ta kawo shi, tsinken wasa a hannu, ido a lumshe.

Da irin wannan na biyun, dattawan majalisa kan fara da lalama: "Malam, kai ake jira." In bai motsa ba, sai a taɓo farashin kifi a kasuwar Yauri, nan take baki ya buɗe. In abin ya ci tura, a ba shi rabon shayi, wani ya gaji wurinsa. Tsawa ba ta da amfani, don takan sa ya tashi ya tafi gida da tsinkayen wasan a aljihu.