Rabe-Raben Masu Aljihu a Gaban Manhajar Lissafi: Nazari Daga Jega, Aliero da Maiyama

Manhajar lissafin aljihu wata hidima ce da ake saukewa a wayar hannu, wadda ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, wato dabarar da ke bai wa kwamfuta damar koyo daga tarin bayanai har ta riƙa amsa tambaya kamar mutum, domin ta tattara abin da ya shiga hannun mai ita da abin da ya fita, ta kasa kashe-kashensa gida-gida, sannan ta nuna masa inda ya kamata ya tsuke bakin aljihu. Daga cikin waɗannan manhajoji akwai masu alƙawarin tsare sirri, ko dai ta hanyar yin lissafin a cikin wayar ba tare da aika shi rumbun bayanan wani kamfani ba, ko kuma ta hanyar kulle bayanan da mabuɗin da babu mai riƙe da shi sai mai wayar. A yankin Jega, garin da kasuwarsa ta shahara tun ƙarni na 19 a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, da maƙwabtansa Aliero da Maiyama, jama'a sun gamu da wannan fasaha ne a kaikaice, bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa hatta ƙananan 'yan tireda buɗe asusun OPay, Moniepoint ko PalmPay. Da yake manhajar ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata, nazarinta yakan koma nazarin masu amfani da ita, waɗanda za a iya kasa su gida takwas.

Nau'i na farko shi ne Maɓoyi, kuma an fi samunsa cikin manyan dillalan albasa na Aliero, waɗanda ke cika rudu, wato rumfar ciyawa da ake adana albasa a cikinta, lokacin da kaya suka yi araha, su jira har farashi ya tashi. Maɓoyi ya shafe shekaru yana amsa tambayar 'yan'uwa da "sai dai godiya, kasuwa ta faɗi," har amsar ta zame masa jiki, saboda haka idan ya sayar da buhu ɗari sai ya shigar da talatin, alhali kuɗin lebura da na mota da na dillali yakan shigar da su cif-cif, wani lokaci har da ƙari. Sakamakon haka manhajar, bisa hujjojin da aka gabatar mata, takan yanke hukuncin cewa Alhaji ya karye, ta ba shi shawarar rage cin nama da neman wata sana'a, shi kuwa ya karanta shawarar yana murmushi, domin ya tabbatar da cewa ko na'ura ba ta gano shi ba.

Nau'i na biyu kishiyar na farko ne, kuma sunan da ya dace da shi shi ne Sanƙiran Kansa. Wannan mutum ya zaɓi manhajar da ta fi kowace tsauri wajen tsare sirri, yana kuma iya bayanin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a Yunin 2023, sai dai idan ya isa wurin mai POS yakan miƙa katinsa daga kan babur, ya ɗaga murya ya karanto lambar sirrinsa don kada a sa shi sauka. A teburin mai shayi kuwa yakan buɗe lasifikar wayarsa ya tambayi Meta AI, mataimakin da ya bayyana cikin WhatsApp a 2024, yadda zai biya bashin naira dubu ɗari uku da surukinsa ke bin sa, ta yadda kafin manhajar ta kammala amsa, mai shayi da mutum shida da ke kan benci sun riga sun ba da tasu shawarar, ɗaya daga cikinsu ma ya san surukin.

Nau'i na uku shi ne Mai Tuban Ƙarshen Wata, wanda galibi ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ko malamin firamare, kuma rayuwarsa da manhajar tana bin zagayen albashi sau da ƙafa. Daga 20 ga wata, lokacin da aljihu ya bushe kuma mai kanti ya fara gaisuwa mai tsawo, yakan sauke manhajar, ya tsara kasafi mai ban sha'awa wanda ya ware kaso na musamman don ajiya. Ranar da alat ya shigo, wato saƙon da banki ke turowa cewa kuɗi sun sauka, kasafin yakan rayu har zuwa la'asar, sannan a bi da tsire, da sabuwar shadda, da cika tankin babur. Idan manhajar ta fara turo gargaɗi sai ya goge ta bisa dalilin cewa tana cinye masa caji. Adalci ya wajabta a ambaci cewa tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya barin rarar da za a yi wa kasafi, kuma babu basirar da ke iya raba abin da babu.

Nau'i na huɗu ita ce Uwar Adashi, wadda ta cancanci dogon bayani domin a gabanta ne gazawar manhajar ke fitowa fili. Adashi tsari ne da mutane ke zuba kuɗi daidai wa daida a lokaci ƙayyadadde, ɗaya ya kwashe, a ci gaba da zagayawa har kowa ya samu, kuma Uwar Adashi takan riƙe zubi da kwasar mata ashirin a ka, tare da sanin wadda mijinta bai san tana zubi ba. Idan ɗanta ya saka mata manhajar, takan fara da yi mata jarrabawa, kuma manhajar takan faɗi tun a tambayar farko, saboda an gina ta ne a kan zaton cewa kuɗin mutum nasa ne shi kaɗai. Kuɗin biki da ta kai wa ƙawarta ranar suna, manhajar takan jefa su cikin rukunin nishaɗi ta kuma ba da shawarar a rage, alhali a lissafin mata biki bashi ne da ake mayarwa, sau da yawa har da ƙari, ranar da mai bayarwa ta tashi aurar da 'yarta. Haka nan tunkiyar da ake kiwo a bayan ɗaki da kwanukan da ake tarawa don ɗakin amarya ba su da gurbi a manhajar, duk da cewa su ne asusun ajiya na gaskiya. Hukuncin Uwar Adashi a kan fasahar gajere ne: yarinya ce mai ƙoƙari, amma ba ta san mutane ba.

Nau'i na biyar shi ne Masani Marar Jari, wanda matattararsa ita ce jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a Aliero a 2006. Ya san bambancin manhajar da ke aiki cikin waya da wadda ke aika bayanai ƙetare, ya san cewa a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma ya gwada manhajoji da dama kafin ya zaɓi ɗaya. Dukiyar da ya yi wa wannan katanga kuwa ba ta wuce naira dubu biyu ba, kuma rahoton wata ya nuna cewa babban abin da ke cinye ta shi ne datar da yake saye don bincike kan hanyoyin tattali.

Nau'i na shida shi ne Mai Neman Fatawa, wanda ya gano cewa mataimakan ƙirƙirarriyar basira suna da raunin son faranta wa mai tambaya. Idan ya nemi shawara kan ƙarin aure ko sauya babur aka nuna masa cewa lissafi bai kai ba, ba ya fushi. Yakan sake tambayar ta wata fuska, ya ƙara da ribar shinkafar rani da bai riga ya shuka ba, ya cire kuɗin makarantar yara, har sai manhajar ta ce abin mai yiwuwa ne. Daga nan yakan sanar da iyalinsa cewa hatta kwamfuta ta goyi bayansa. Ɗan'uwansa na jini shi ne nau'i na bakwai, Marowaci Mai Hujja, wanda a da yakan sha kunya idan ƙaninsa ya zo neman gudummawa, amma yanzu yakan juya masa fuskar waya ya ce, "Wallahi, ƙanena, na so, ka ga dai na'ura ta hana."

Nau'i na takwas shi ne Wanda Maciji Ya Sara, kuma tsoronsa yana da tushe. Ya taɓa karɓar rance daga ɗaya daga cikin manhajojin bashi da hukuma ta kai wa samame a Legas a Maris na 2022, waɗanda ke kwashe lambobin wayar mai karɓa, kuma da ya yi jinkirin biya sai saƙon cewa shi macuci ne ya isa ga limamin unguwarsu da surukarsa a rana ɗaya. Tun daga lokacin, duk manhajar da ta nemi izinin shiga lambobinsa ko saƙonninsa yakan ɗauke ta a matsayin 'yar leƙen asiri, kuma a cikin nau'o'in nan duka shi kaɗai ne yake karanta abin da ake neman ya amince da shi kafin ya danna, darasin da ya kamata sauran bakwai su koya ba tare da an kai ƙararsu wurin liman ba.

Akwai kuma nau'i na tara, wato mutumin da ya faɗa wa manhajar gaskiya, ya ga cewa 'yan ƙananan kashe-kashe na kati da cajin cire kuɗi da lemon kwalba sun fi buhun shinkafa tsada a wata, ya kuma gyara halinsa sannu a hankali. Matsalar da ke hana a yi cikakken bayaninsa ita ce, duk wanda ya tara abin kirki a Jega ya san abin da zai biyo baya idan dangi suka ji, saboda haka da zarar tattalinsa ya fara haifar da ɗa mai ido, sai ya koyi cewa "kasuwa ta faɗi," ya koma nau'i na farko.